Ƙusa Biyu da Kwanon Ɗantani

Madabo, Kano

Zuwa ga taubashina Mikail, likita bokan Turai,

Assalamu alaikum. Ga gaisuwa daga mutanen ƙasa zuwa ga wanda ya hau dutse ya manta da su. Ya aiki, ya sanyin Mambila? Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Na san za ka yi dariya don har yanzu da biro nake rubutu in ɗauki hoton takardar in turo. To ka yi. Kiran wayarka na gaji da shi, kullum sai a ce ba a samunka.

Baba na samun sauƙi. Tun aikin da aka yi masa na ciwon dajin dubura, wanda ya shekara yana kira basir yana shan jiƙe-jiƙe, ya fara cin abinci, har masallaci yana zuwa da sandarsa. Jakar bayan gidan da aka maƙala masa a ciki ce dai har yau bai saba da ita ba.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Ya dami kowa da ciwon baya, likitoci kuma suna yajin aiki, sai na kai shi wani wurin ɗaukar hoton ƙashi a Ƙofar Kabuga. Mai ɗaukar hoton ya ɗaga shi sama ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni ko Baba ya taɓa faɗawa kan wani abu. Mikail, ƙusa biyu ne a jikin ƙashin ƙarshen gadon bayansa, ta ciki. Masu faɗin kai, gajeru, a kafe daram kamar da guduma aka buga su. Na turo maka hoton.

Gwaggo 'Yardada, yayar Baba, ko minti ba ta ɓata ba ta ce jifa ne. Ta ce bai haɗiyi ƙusa ba, babu tabo a bayansa, to ta ina suka shiga? Sannan ta ce a duk lungun nan wa ke da irin wannan ƙusar in ba Baba Ɗantani ba? Ka tuna shi, kafintan da ke tsallaken ƙofarmu, mai yin kujerun kushin, wanda in yana aiki bakinsa ma cike yake da su. Har ta tono wata tsohuwar maganar rumfa da Baba ya hana shi jinginawa a katangarmu, abin da su kansu sun manta.

Ka san ciyayyarsu. Tun kafin a haife ni, da an idar da magariba Baba Ɗantani zai tsallako da kwanonsa zuwa soronmu, a haɗa da namu su ci tare. Kuma bai taɓa sa hannu ba sai Baba ya yi bisimilla ya ɗauki lomar farko. Ko Baba ya tsaya surutu a masallaci tuwo ya sandare, yana nan zaune ya naɗe hannu. Tun da aka sallamo Baba, matarsa Inna Mero kullum kunu ko fate mai laushi take yi, don cikin mara lafiya.

To yanzu Gwaggo ce ke tarar kwanon a bakin soro. Ta ce Malam na hutawa, ta shiga da shi, ta zubar a kwata, ta wanke ta mayar da godiya. Ba wanda ya ce wa Baba Ɗantani uffan, ka san halinmu, mu dai a yi ta a ciki. Baba bai ce ya yarda da zancen Gwaggo ba, amma kuma bai fito soro ba.

Ni ban yarda ba, amma ba ni da amsar da zan ba ta, kuma ƙusoshin ga su nan ina gani da idona. Tsoro nake ji kada abotar nan ta mutu a banza ina kallo. Ka gaya mini mene ne wannan, tun da dai karatun da aka kai ka ke nan.

Taka a zumunci,
Aminat

*

Mambila

Malama Aminat,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, na ji daɗin jin Baba na takawa. Ina lafiya, sai dai ni kaɗai ne likita a nan, kuma sabis sai na hau tudun bayan asibiti nake samu. A tsaye nake rubuta wannan.

Takardar ta buɗe, hoton ƙashin bai buɗe ba. Ki sake turowa, ki manna shi a jikin taga da rana kafin ki ɗauka. Akwai abin da nake zato, amma ba zan faɗi magana a kan hoton da ban gani ba, kada in yi wa Baba gurguwar fahimta. Ki ba ni labarin ranar aikin dalla-dalla: ya daɗe a ciki? An nemi jini? Kafin nan, kada kowa ya taɓa masa baya, ko wanzami ko mai tofi da tsaga.

Ki gai da Gwaggo, ki ce mijinta na kan dutse yana nan tafe da goro.

Mikail

*

Madabo

Mikail,

Bayan sallama da fatan kana lafiya, ina sanar da kai cewa ka ɓata mini aiki. Muna lafiya, in ka cire wannan.

Da amsarka ta zo sai na karanta musu a tsakar gida, ina murna. Ashe da na sani na yi shiru. Gwaggo ta tafa hannu ta ce kun ji ko, likita ma ya rasa ta cewa, ya ce akwai abin da yake zato amma ba zai faɗa ba, to me ya rage? Na ce ba haka kake nufi ba, ta ce ita ta haifi uban mai nufin. Baba da ke ta rawa tsakanin e da a'a, daga ranar ya sa aka kulle ƙofar soro tun kafin magariba. Ta ƙofar baya yake zuwa masallaci yanzu, yana zagaye da sanda, don kada su haɗu. Goronka kuwa Gwaggo ta ce ka riƙe abinka.

Ka tambayi ranar aiki. Da safe aka shiga da shi, aka ce kafin azahar an fito. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce. Sai ga wata ma'aikaciyar jinya ta fito da sauri, ta ce a nemo jini, duk wanda ya dace, yanzu-yanzu. Wanda muka tanada tun farko wai ya ƙare. Nan muka watse, ni na hau adaidaita na nufi Gwale wajen 'yan'uwan Umma, Yaya Shehu ya tafi kasuwa neman abokansa. Baba Ɗantani ne ya fara kwanciya aka ɗibi nasa, duk da sai da aka yi gardamar shekarunsa. Da ya tashi jiri ya kwashe shi, aka zaunar da shi a bencin ƙofar ɗakin tiyata aka ce kada ya motsa. Ko da muka dawo da mutane an riga an gama, aka ce mana an sha wuya amma an yi nasara. Mu kuwa wa ya tsaya tambaya? Hamdala kawai muka yi.

Na tuna wa Gwaggo maganar jinin nan. Ta ce ai mai jifa shi ne kan gaba wajen jaje.

Abin da ya fi ci mini rai, kwanon nan bai daina zuwa ba. Jiya ma da Baba Ɗantani ya tarar da ƙofa a kulle, sai ya ƙwanƙwasa a hankali, ya miƙo mini, ya ce in ce da Malam kada ya takura kansa, sai ya ji daɗin fitowa. Na karɓa ban iya kallon idonsa ba. Kunun gyaɗa ne da ɗumi, ni na tsaya ina kallo aka zubar.

Na sake turo hoton, a jikin taga kamar yadda ka ce. An yi kwana da kwanaki ina duba waya, alamar ta isa ma babu. In ka faɗa rami ne a kan dutsen naku, ka aiko a sanar da mu.

Aminat

*

Mambila

'Yar'uwa Aminat,

Sallama da gaisuwa. Ina nan da raina, ban faɗa rami ba. Ruwa ne ya kayar da ƙarfen sabis, sai yau da na sauko gari na ga saƙonki. Na ji kunyar yadda aka karanta maganata, ki yafe ni. Yanzu na ga hoton, kuma ba zato nake ba. Ki tara su ki karanta musu wannan a hankali.

Likitan da ya yi wa Baba aiki shi ya kafa ƙusoshin nan da hannunsa, kuma su ne sanadin da Baba ke numfashi yau.

Dubura tana kwance can cikin ƙugu, bayanta na jingine da wannan ƙashin. A fuskar ƙashin akwai jijiyoyin jini shimfiɗe, marasa kauri, wasunsu daga cikin ƙananan ramukan ƙashin suke fitowa. In ciwon ya manne a wurin, wajen ɓamɓaro shi jijiya kan yage. Daga nan jini ya dinga tasowa daga ƙasa kamar rijiya da damina, kana kwashewa yana cikowa, wurin ga zurfi ga matsi, ba ka ma ganin inda yake fitowa. Ba ta ɗauruwa da zare, don noƙewa take cikin ƙashi. In ka kai mata kamu ta ƙara yagewa. Mutum kan iya tafiya a nan cikin ɗan lokaci kaɗan.

Abin da ake yi, likita ya danne wurin da yatsa, ya sanar da mai kula da barcin mara lafiya, a aika neman jini. Lokacin ke nan da kuka ga ma'aikaciyar ta fito da gudu. Sai a cusa tsumman tiyata a danne, a jira, ba a gaggawa. In ya tsaya, shi ke nan. In bai tsaya ba, wani likitan kan yanko ɗan nama daga bangon ciki ya liƙe ramin da shi, wani ya bar tsumman a ciki ya rufe, a dawo bayan kwana biyu a cire. Wani kuma ya ɗauki ƙusa irin wannan, ta wani ƙarfe da ba ya tsatsa, wadda aka dafa aka tsabtace, ya ɗora a bakin ramin ya danna ta cikin ƙashi da babban yatsa. Faɗin kanta ne ke toshe jijiyar. Na taɓa tsayawa a irin wannan aikin ina koyo, har yau ban manta ba.

Ba a cire su. Za su zauna har ƙarshen ransa. Ciwon bayan kuwa, a hoton na ga alamun tsufa a sama da wurin, amma da zarar an janye yajin aiki ki mayar da shi a duba shi sosai, kada a yi sakaci.

Abu ɗaya ke ɗaure mini kai. Likita ba ya yin wannan ya ƙi gaya wa dangi. Wani ya ji bayanin nan a ranar.

Ki ce da Gwaggo goron nan dai sai ta ci.

Naki,
Mikail

*

Madabo

Likita,

Assalamu alaikum. Yau kam na yarda karatunka bai tafi a banza ba. Kowa lafiya, ni ma jiya na yi barci irin wanda na manta da shi.

Na karanta musu. Da na zo wajen yatsa da ƙusa Baba ya kai hannu ya shafa bayansa, ya yi ta salati. Ya ce in maimaita wajen neman jinin, na maimaita. Sai ya sunkuyar da kai ya ce ya ci amanar gishiri. Gwaggo ta yi kuka har da majina. Ka san ta, zafi gare ta amma ba ta da riƙo. Ta ce ba za ta yarda ta mutu da hakkin bawan Allah a wuyanta ba, gobe da safe ni zan raka ta har shagonsa ta durƙusa ta nemi gafara. Baba ya ce a yi haka, shi kuma da magariba zai buɗe soro da hannunsa.

Na ji kamar an sauke mini dutsen niƙa daga ka. Allah ya saka maka, ya kuma sauko da kai daga dutsen nan ka yi aure.

Aminat

*

Mambila

Aminat,

Sallama. Ina fata wannan ta riske ki kafin ku fita. Sai yanzu saƙonki ya shigo, ban san tun yaushe yake hanya ba.

Ku dakata. Na koma na karanta takardunki na baya. Kin ce ba wanda ya ce wa Baba Ɗantani uffan. Kin ce kwanon bai daina zuwa ba, kuma ya ce kada Malam ya takura kansa. Wannan ba maganar wanda ya san ana zarginsa ba ce. Ina jin mutumin nan bai san komai ba. In haka ne, neman gafarar shi zai sanar da shi.

Baba ya buɗe soro kawai, ya zauna, ya ci kunun. Hakkin kuma ku kai wa Allah tukuna, a nemi shawarar malami a kan yadda za a yi. Ki riƙe Gwaggo, don girman Allah. Ki amsa mini da kin gani.

Mikail

*

Madabo

Mikail,

Wa alaikas salam. Jikin kowa lafiya. Saƙonka ya shigo muna tsallako lungu, a hanyar dawowa. Na kasa amsawa sai yau.

Mun same shi yana jan yadi a kan wata kujera. Gwaggo ta zube a gabansa ta ce mun zalunce shi, ya yafe mana. Ya tofar da ƙusoshin bakinsa a tafin hannu, ya ce subhanallahi, Yaya, tashi, me ya faru? A nan ya kamata in gane. Na ga fuskarsa, babu komai a cikinta sai mamaki. Amma ka san Gwaggo, in ta fara tuba ba ta rage komai. Ta faɗi hoton, ta faɗi jifa, ta faɗi rumfa, ta faɗi ƙofar baya. Ina ja mata mayafi tana ture hannuna.

Ya saurara har ta gama. Sannan ya ce ai ya san da ƙusoshin. Ranar aikin, yana zaune a bencin nan, likita ya fito rigarsa jiƙe da gumi ya ce ina ɗan'uwan mara lafiya, shi kuwa ya ce ga shi. Likita ya yi masa bayanin duk abin da ka rubuto. Na ce to Baba, me ya hana ka gaya mana? Ya ce wanda ya tashi daga ciwo ba a nuna masa yadda ya leƙa kabari, kuma ba zai zauna gaban 'ya'yan Malam mata yana zancen wannan wurin na jikinsa ba. Ya ce da ya ga Malam ya daina fitowa, ya ɗauka kunyar jakar nan yake ji, don takan yi ƙara in ya ci abinci. Shi ya sa bai matsa ba.

Inna Mero tana bayan labule ashe. Muryarta kawai muka ji.

"To kunun da nake damawa kullum, wa yake sha?"

Baba Ɗantani ya daɗe yana kallon ƙusoshin da ke hannunsa, sannan ya zuba su a gwangwani, ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, ya ɗauki gudumarsa. Har muka fita ban ji ya buga ba.

Da yamma Baba ya buɗe soro da kansa, ya ƙi yarda a taya shi shimfiɗa tabarma. Ya yi sallah ya dawo da sauri, bai tsaya gaisawa da kowa ba. Ni ina bayan ƙyaure ina leƙe, na ɗauka Baba Ɗantani ba zai zo ba. Sai ga shi ya tsallako da kwanonsa kamar kullum. Suka gaisa, ya tambayi jiki, Baba ya fara magana, Baba Ɗantani ya ce a bar ta, ta wuce. Wallahi har na fara murna.

Ya zauna ya wanke hannu, ya buɗe kwanon. Faten tsaki ne. Sai ya yi bisimilla, ya sa hannu, ya ɗebi loma ya kai baki. Ya tauna, ya haɗiye, ya ɗan jira. Sannan ya tura kwanon gaban Baba.

Baba ya ce, "Ɗantani, yau kai ka fara?"

Ya ce, "Don hankalinka ya kwanta, Malam."

Ba da gatse ya faɗa ba, Mikail, da ma da gatse ne da ya fi sauƙi. Baba ya ci, hawaye na sauka a gemunsa, don ba shi da ikon ƙin ci. Na zauna a bayan ƙyauren nan na yi kuka ni ma, na kunya da na baƙin ciki.

An janye yajin aiki, ranar Talata zan mayar da Baba asibiti kamar yadda ka ce. Baba Ɗantani ya ce zai raka mu. Kullum yana zuwa da kwanonsa, bai fasa ko sau ɗaya ba. Kullum kuma Baba na sauri ya riga shi sa hannu, amma Baba Ɗantani ke riƙe da murfin, sai ya ɗebi lomar farko yake tura masa kwanon.

Ka sa mu a addu'a.

Taka,
Aminat